Shuɗi Kafin Ja

Shagona a Mabera taku huɗu ne da rabi,
tsakanin mai cajin waya da mai wankin hula.
Littafin rubutu mai shafi arba'in, mai sittin, mai tamanin,
biro, fensir, magogi, rula, gam,
da allon da na biya dubu uku aka zana min,
mai fentin ya rubuta alƙalami ba ƙugiya.
Na bar shi haka, fenti ma kuɗi ne.

Maƙwabcina ya ce, "Luba, ki sawo lasifika,
kowa haka shika yi,
wanda bai yi kuwwa ba, wa ka jin shi?"
Na sawo, na ɗaura, na kunna.
Sirajo ya toshe kunnuwa da tafuka biyu,
ya shige ƙarƙashin kanta
yana kaɗa jiki, gaba, baya, gaba,
har aka kira la'asar bai fito ba.
Na mayar da lasifikar, an rage min dubu ɗaya.

Shekararsa bakwai.
Likita a asibitin koyarwa ta ce galahanga.
Gwaggo ta ce iska ce, ta aiko turare.
Wata da ba zan kama sunanta ba
ta ce wai da hankalinsa na sayi kasuwa.
In haka ne, baiwar Allah, ina kasuwar take?
Jiya cinikina biro shida da magogi ɗaya.

Don haka tallana na raɗa ne.
Sai ya yi barci nake janyo waya,
in ɗauki muryata can ƙasa-ƙasa:
"Iyaye, an kusa komawa makaranta,
dozin ɗin littafi da sauƙi, a zo a gani."
In tura wa matan Islamiyya, in tura wa 'yan adashi.
Wani dare ashe idonsa biyu,
gunjinsa ya shiga cikin saƙon,
mmmm ɗin nan da yake yi in ransa ya kwanta.
Na kai yatsa zan goge,
sai na tura da shi.

Da safe shi ke jera kaya, ba ni ba.
Shuɗi kafin ja, ja kafin baƙi,
kowane fensir tsininsa na duban gabas.
Idan mai saye ya ɗauki ɗaya ya ajiye a karkace,
Sirajo ba ya kallon fuskarsa,
hannu kawai zai miƙo ya gyara.
Wasu su yi dariya, wasu su ja 'ya'yansu baya.
Na daina ba da haƙuri a kan abin da ba laifi ba.

Ranar Laraba, rana na dukan kwano kamar da gayya,
wata malama ta sauko daga kabu-kabu,
ta ce daga Arkilla take, ta ji saƙona.
Ta sayi dozin huɗu, ba ta nemi ragi ba.
Ta daɗe tsaye tana kallon jerin biro,
sannan ta ce, ba ta dube ni ba,
"Nawa ma haka shika gunji.
Shekara tara ban hito da shi ba."

Ban san me zan ce ba.
Na ƙara mata magogi biyu a leda,
na rubuta lambata a bayan rasit.

Da magariba ina jan ƙofa,
Sirajo ya tsaya gaban kanta, ya ƙi motsi.
Ya nuna gurbin da biro ɗaya ya bari,
ya ce, "Shuɗi."
Kalmarsa ta huɗu ke nan a wannan mako.

Na buɗe sabon kwali, duk da ban yi niyya ba,
na ba shi ya cike gurbin da kansa,
sannan muka kulle.